Filin Tambaya da Amsa: Wane Ƙarfin Madubin Hangen Nesa Ya Dace da Farautar Dabbobi Masu Ɓarna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne, gonata kuma tana cikin buɗaɗɗen fili inda kurege da zomaye suka hana shukata sakat, ga kuma dila da take kewaya garken ƙananan dabbobina da zarar rana ta yi sanyi. Ina da bindigar farauta mai izini, amma matsalata ita ce kusan kullum dabbar ce take riga ni gani. Na yi niyyar sayen madubin hangen nesa mai ido biyu, sai na tarar kowanne da lambobinsa a jiki: 8x42, 10x42, 12x50, 15x56, har da 20x50. Hankalina ya fi kwanciya da mai lamba 20, domin a tunanina shi zai fi jawo mini dabbar kusa. Ina neman shawararka kafin in yanke hukunci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da faɗa maka ra'ayina kai tsaye kafin in kawo dalili: ka janye hannunka daga 20x50, ka zaɓa tsakanin 8x42 da 10x42, kuma tun da ka ce filinka buɗaɗɗe ne, ni 10x42 zan ɗaukar maka.

Lambar farko ita ce ƙarfin jawowa. Idan an rubuta 10, kuregen da yake nisan mita 300 zai bayyana a idonka kamar yana nisan mita 30; da mai lamba 8 zai zama kamar mita 37 da rabi, da mai lamba 20 kuwa kamar mita 15. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ce da ma'aunin milimita, wato ƙofar da haske yake shiga ta cikinta. Wanda ya tsaya a kan wannan lissafi kaɗai dole ya ga kamar 20 ta fi kowace, kuma ban ga laifinka ba da ka yi wannan tunani, sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba.

Madubi bai san bambanci tsakanin dabbar da kake kallo da rawar hannunka ba, duk biyun yake ninkawa daidai wa daida. Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak ko da mutum yana cikin ƙoshin lafiya, saboda numfashi da bugun zuciya da gajiyar damtse duk suna motsa shi kaɗan-kaɗan, motsin da ido tsirara ba ya lura da shi. A ƙarfin 8 wannan rawa da ƙyar take damun mai kallo. A ƙarfin 10 zai lura da ita amma zai iya jurewa, ya kuma tantance abin da yake gani. Ƙarfin 12 shi ne iyakar abin da mai ƙarfin hannu zai riƙe na ɗan lokaci, daga 15 zuwa sama kuwa hoton sai ya riƙa tsalle a idonka, ta yadda dabbar ta yi girma amma ba za ka iya cewa ga kunnenta ga wutsiyarta ba. Ka tuna kuma cewa mafarauci ba a huce yake kallo ba: ya yi tafiya, ya sunkuya, ya hau tudu, sannan da ya hango dilar da ta daɗe tana yi masa ɓarna sai ƙirjinsa ya hau dukan uku-uku, a daidai lokacin da yake buƙatar hannunsa ya natsu.

Kana iya gwada wannan da kanka kafin ka saya. Ka manna shafin jarida a jikin bango, ka ja da baya taku talatin ko arba'in, ka ɗaga madubi mai ƙarfin 10 a tsaye ka nemi mafi ƙanƙantar layin da za ka iya karantawa, sannan ka sake da mai ƙarfin 20. Za ka ga haruffan sun fi girma a na biyun, amma suna zillewa kamar kifi a ruwa, kuma sau da yawa layin da ka karanta da na farkon shi ne dai iyakarka, wani lokaci ma ka kasa kai gare shi. Idan ka dafa gwiwar hannunka a kan katanga ka sake kallo, nan take rubutun zai fito, abin da yake nuna maka cewa ƙarfin yana nan a cikin madubin, hannu ne ya kasa isar da shi ga ido.

Bayan rawar hannu sai faɗin abin da ake gani. Gwargwadon yadda ƙarfin jawowa ya ƙaru, haka filin da madubi yake nuna maka yake tsukewa. Masu ƙera madubai sukan rubuta wannan a matsayin faɗin da ake gani a nisan mita 1,000, kuma galibin 8x42 suna nuna tsakanin mita 120 zuwa 140, 10x42 kimanin mita 100 zuwa 115, 15x56 kimanin mita 70 zuwa 80, yayin da 20x50 galibi ba ya wuce mita 60. Ka dawo da lissafin zuwa nisan mita 200, inda aikinka yake: mai ƙarfin 8 zai nuna maka faɗin kusan mita 26 a kallo ɗaya, mai ƙarfin 20 kuwa kusan mita 12 kacal. Ka ce matsalarka ita ce dabba tana riga ka gani, wato abin da kake nema shi ne ka gano ta tun tana nesa, kuma ƙananan dabbobi motsinsu ne yake tona musu asiri: kai ya leƙo daga rami, ciyawa ta kaɗa ba tare da iska ba, wutsiya ta gifta a gefen kunya. Gefen ido ne yake kama irin wannan motsi, don haka duk mitar da aka rage maka a faɗin kallo an rage maka damar ganinsa. Idan zomo ya tashi da gudu kuwa, mai tsukakken madubi ba zai ko iya binsa ba.

Sai batun haske, wanda ya shafe ka ƙwarai tun da dila da yamma take zuwa. Ka riƙe madubin nesa da fuskarka, tsawon hannu, ka fuskantar da shi ga sararin sama ta gefen da babu rana, za ka ga wani ɗigon haske mai da'ira a tsakiyar kowane gilashin ido. Ta wannan ɗigo ne duk hoton yake fitowa zuwa idonka, kuma ana samun faɗinsa idan aka raba lamba ta biyu da ta farko. A 8x42 faɗinsa milimita 5.25 ne, a 10x42 milimita 4.2, a 15x56 kimanin 3.7, a 20x50 kuwa 2.5 kawai. Ita ma ƙofar da ke tsakiyar baƙin idonka tana da nata faɗin: da tsakar rana takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, idan duhu ya fara shiga sai ta buɗe zuwa 5, 6, har 7 a idon matashi. Da rana ke nan ba za ka ga bambanci sosai ba, wanda shi ya sa mutane da yawa suke ruɗuwa idan sun gwada madubi da hantsi. Amma da almuru, lokacin da idonka ya buɗe yana neman haske, hoton 8x42 zai ninka na 20x50 haske fiye da sau huɗu, domin girman filin da'irar gaba ɗaya ake lissafawa, ba faɗinta kaɗai ba. A wannan rabin sa'a da ke tsakanin faɗuwar rana da rufawar duhu, mai 20x50 zai tattara ya koma gida alhali mai 10x42 yana ci gaba da ganin bakin garkensa.

Abin da ya sa na fifita maka 10 a kan 8 shi ne ƙanƙantar dabbobin da kake nema da kuma buɗewar filinka. Kurege a nisan mita 200 ɗan tabo ne mai launin ƙasa a kan ƙasa, kuma ƙarin da 10 take bayarwa yana taimakawa wajen raba shi da hoge ko kututture. Da a ce gonarka tana cikin duhuwar itatuwa ne, ko kuwa ka san hannunka yana da rawa, da 8x42 zan ce, saboda ya fi faɗin kallo, ya fi haske, kuma ba ya buƙatar yawan murza saiti idan ka ɗauke ido daga abu na kusa zuwa na nesa. Ina kuma gargaɗinka game da madubai marasa asali da ake buga musu manyan lambobi irin su 60x90 a jikin ɗan ƙaramin abu. Ka sa ma'auni a gilashin gaba ka auna da kanka; idan an rubuta 90 ka tarar bai kai 40 ba, ka san ita ma ɗaya lambar ba gaskiya ba ce.

Tambaya: Malam, na karanta cewa mafarauta a Amurka suna amfani da 15x56 wajen farautar ƙananan dabbobi, kuma suna yaba shi ƙwarai. Ni wuri ɗaya nake zama a kan tudu in yi sa'o'i ina tsaron fili. Shin shawararka ta ƙin manyan lambobi ta shafe ni?

Amsa: Ba ta shafe ka gaba ɗaya ba, Malam, domin tambayar da ta kamata kowane mai saye ya fara yi wa kansa ita ce: tafiya zan yi ko zama? Kai mai zama ne, kuma mai zama yana da damar da mai tafiya ba shi da ita, wato ya ɗora madubinsa a kan matokari mai ƙafa uku.

Abin da ka karanta gaskiya ne, amma ya kamata ka san yanayin da ya haife shi. A manyan filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, a jihohi irin su Dakota ta Kudu da Wayomin da Montana, akwai wani dangin kurege da yake zama gari-gari a ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen can suke kira karen fili saboda kukansa mai kama da haushi. Tsawonsa bai wuce santimita 30 zuwa 40 ba, kuma masu farautarsa sukan kafa tebur a wuri ɗaya su wuni suna kallon ramuka masu nisan mita 300 zuwa 400, har fiye. A irin wannan zama 15x56 a kan matokari yana yin aikin da 10x42 a hannu ba zai yi ba, domin da zarar an cire rawar hannu, duk ƙarfin da ke cikin gilashin yana isa ido, kuma kallo da ido biyu ba ya gajiyar da mutum kamar kallo da ido ɗaya. Amma su waɗannan mafarauta, idan suka koma farautar koyote, wani dangin dila da ake kira da busa a jira shi ya taho, wanda kuma yake iya ɓullowa ta kowace fuska, yawancinsu 8 ko 10 suke ratayawa a ƙirji. Aiki ne yake zaɓar madubi, kuma 15x56 nauyinsa yakan haura kilo ɗaya, alhali 10x42 galibi yana tsakanin giram 650 zuwa 850.

Matokari yana maganin rawar hannu, amma ba ya maganin rawar iska. Idan rana ta ƙwalle ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke dab da ita takan tashi tana murɗawa, ita ce take haifar da kawalwalniya, kuma madubi yana ninka wannan murɗawa kamar yadda yake ninka komai. Da tsakar rana mai zafi za ka ga dabbar tana narkewa tana haɗewa a cikin 15, ka koma 10 ka tarar hoton ya fi tsabta duk da ya fi ƙanƙanta. Zamanka a kan tudu yana taimaka maka a nan, domin kallonka yana bi ta sama da iskar da ta fi zafi, kuma lokacin da babban madubi ya fi amfani shi ne sanyin safiya da la'asar sakaliya.

Kafin ka sayi sabo, ina ba ka shawara ka fara ɗora wanda kake da shi a kan matokari. Yawancin madubai suna da wani ɗan murfi a gaban mahaɗarsu ta tsakiya, wanda idan ka kwance shi za ka tarar da ramin kusa mai faɗin rubu'in inci, inda ake ɗaura ƙarfen da yake haɗa madubi da matokari. Mutane da yawa sukan yi mamakin abin da 10x42 yake nunawa idan ya tsaya cak. Akwai kuma madubai masu daidaita hoto da kansu ta hanyar batir, irin su 15x50 da 18x50 na kamfanin Canon, waɗanda da zarar ka danna maɓalli rawar take lafawa. Suna aiki da gaske, sai dai tsukewar fili da ƙarancin haske da almuru suna nan yadda suke, ga kuma dogaro da batir. Ka kuma tuna cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne: dabbar da madubi ya kawo maka kamar za ka taɓa ta tana nan a nisanta na asali, kuma babban madubi yakan ruɗi mutum ya yi harbi a nisan da bindigarsa ko gwanintarsa ba su kai ba, ya raunata dabba ta tafi tana wahala.

Tambaya: Malam, shekaruna sun haura sittin, kuma ina sa tabarau. An ce mini 7x50 ne ya fi kowanne haske da yamma. In saye shi?

Amsa: Baba, wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba, amma bai yi lissafi da shekarunka ba. Ɗigon hasken 7x50 ya ɗan haura milimita 7, wanda ya dace da idon saurayi a cikin duhu. Yayin da shekaru suke ƙaruwa ƙofar ido tana rage buɗewa, kuma a wajen mafi yawan masu shekarunka takan tsaya kusa da milimita 5, ta yadda ragowar hasken zai faɗa a gefe ba tare da ya shiga ba. Za ka ɗauki nauyin babban gilashi ke nan ba ka ci moriyarsa duka ba. 8x42 zai ba ka kusan duk hasken da idonka zai iya karɓa, da ɗan ƙarin jawowa, da sauƙin ɗauka.

Abin da ya fi lambar muhimmanci a wajenka shi ne tazarar da madubi yake bari tsakanin gilashinsa da idonka. Tabarau yana nisanta ido daga gilashi, kuma idan tazarar da aka ƙera madubin da ita gajera ce, sai ka ga kamar kana leƙe ta cikin bututu, gefunan hoton sun yanke. Ka nemi wanda aka rubuta masa tazarar milimita 16 ko fiye, ka kuma murɗa robar bakin gilashin ƙasa idan kana sanye da tabarau. Ka duba ingancin gilashin ma: kowace fuskar gilashi da ba a shafa mata komai ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata, kuma a cikin madubi ɗaya akwai irin waɗannan fuskoki fiye da goma. Tun 1935, lokacin da Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya samar da hanyar shafa wa gilashi siririn rufi mai rage wannan asara, ingancin rufin ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suke raba madubi mai kyau da na banza, har ta kai 8x42 mai cikakken rufi yana iya fin 10x50 maras kyau haske.

Akwai kuma wani ɗan zobe, galibi a gilashin dama, wanda yake daidaita bambancin ƙarfin idanunka biyu. Ka rufe gilashin gaba na dama da murfinsa, ka murza saitin tsakiya har abu ya fito tas a idon hagu, sannan ka mayar da murfin kan gilashin hagu ka murza wannan zobe kaɗai har abin ya fito a idon dama. Rashin yin haka shi ne tushen ciwon kan da masu yawa suke ɗora wa madubi laifinsa.

Tambaya: Malam, bindigata tana da madubin saiti da yake jawowa har sau 16. Me zai hana in riƙa duba fili da shi in huta da ɗaukar kaya biyu?

Amsa: Malam, ina roƙonka kada ka yi haka ko da sau ɗaya. Duk inda madubin saiti ya kalla, bakin bindiga can yake kallo, kuma idan kana duba fili da shi kana nuna bindiga ne ga duk abin da ba ka riga ka tantance ba. Motsin da ka gani a ciyawa yana iya zama yaro mai kiwo da ya sunkuya, ko karen maƙwabci, ko mai aikin gona da ya kishingiɗa a inuwa. Ko a tsakanin dabbobi ma kuskure yana da sauƙi: a garuruwan karen filin Amurka da na ambata akwai wata ƙaramar mujiya da take zama a tsofaffin ramukansu, takan tsaya a bakin rami tsaf kamar mai ramin, kuma dokar ƙasar ta 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura ta haramta harbinta. Ban da haɗari, madubin saiti a ƙarfin 16 filinsa tsukakke ne ƙwarai, ido ɗaya kuma yake aiki, don haka ko ta fuskar nema ba zai yi maka abin da 8x42 zai yi ba.

Tsarin da nake so ka bi shi ne bindiga tana ajiye bakinta yana kallon ƙasa, madubin hangen nesa yana hannunka. Ka raba filin kashi-kashi a zuciyarka, ka tsayar da madubin a kan kashi ɗaya ka bar idonka ya zagaya cikinsa na ɗan lokaci, sannan ka matsa zuwa na gaba, maimakon ka riƙa share filin da sauri daga gefe zuwa gefe. Idan ka ga dabba, ka ci gaba da kallonta har ka tabbatar da irinta, sannan ka ɗaga madubin kaɗan ka duba abin da yake bayanta, gida ne ko hanya ko garke, domin harsashin da ya kuskure ko ya ratsa yana ci gaba da tafiya. Ka kuma lura da wata alama kusa da ita, dutse ko kututture ko suri, wadda za ka iya ganewa da ido tsirara, saboda idan ka sauke madubi ka ɗauki bindiga ka sake samun wurin ba tare da ka yi ta yawo da bakinta a fili ba.